Kwandon da Na Mayar

Tun ranar Talata ruwan bakin Yelwa ya fara sauya launi. Ya koma kamar kunun da aka tsinka, yana tafe da ciyayi da karare, kuma duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san farin ruwa ne ya iso, wato cikowar da kan sauko mana a ƙarshen damina. Ni dai da zarar na gan shi ba na iya zama wuri ɗaya. In juya kifi a kan banda, in tashi in leƙa bakin ruwa, in dawo in sake juya kifin da yanzun nan na juya. Maƙwabciyata a kasuwa har ta tambaye ni ko cinnaka ne ya shiga zanena. Ba ni da ko zangarniya ɗaya ta shinkafa a gona yanzu, na daɗe da komawa sana'ar kifi a gari, amma jikina bai san da haka ba.

Ga rediyo kuma ya ƙara mini. Kwana da kwanaki maganar ɗaya ce, yadda jam'iyyu za su fid da wanda zai tsaya musu takarar shugaban ƙasa. Wasu su ce a bar wa deliget, wakilan da akan tura daga kowace ƙaramar hukuma su je su zaɓo. Wasu su ce manya su shiga ɗaki su yi masalaha, su fito da suna ɗaya. Wasu kuma su ce a koma ƙato bayan ƙato, kowane ɗan jam'iyya ya fito fili ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga shi. Duk sanda suka zo kan wannan na ƙarshen sai in kashe rediyon, can kuma in sake kunnawa.

Ɗana na fari, wanda nake ce wa Maisuna don sunan mahaifina ya ci, shi kam ba shi da wata shakka. Ya taɓa zama deliget sau ɗaya, har yau kuwa Deliget ake kiransa a tashar 'yan kabu-kabu. Jiya ya zo ya zauna a bencina, ya zaɓi kifin da ya fi kowanne kitse yana ci, yana yi mini karatu. Wai deliget ya fi zaman lafiya, mutum kaɗan su tafi can nesa su yi rigimarsu, a wayi gari lafiya. Na ce masa ai na ga zaman lafiyar. An kulle ku kwana biyu a otal, an karɓe wayoyinku, kun dawo kowa da sabon babur, kuma har yau ba wanda ya tambayi ko mutum ɗaya a kasuwar nan wa yake so. Mai neman mulkin ƙasa guda, ku 'yan kaɗan ɗin nan kawai zai faranta wa, ya huta da mu.

Ya yi dariya ya lashe yatsa. "To Inna, ƙato bayan ƙato kike so? Ke da kinka sha shi?"

Na juya ina gyara wuta. Rabin labarin ya sani, alhali yana goye a bayana aka yi shi.

Lokacin mulkin soja ne, da suka ce jam'iyya biyu kaɗai za a yi a ƙasar. Muna zaune a ƙauyenmu na bakin tafki a ƙasar Ngaski, shekarata biyu da aure, Maisuna bai fi wata bakwai ba. Daminar shekarar yaudararmu ta yi. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi ta murna, aka shuka gero, ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke. Kusan sati uku hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi, a ji ƙanshin ƙasa, iska ta zo ta watsa shi. Rana kuwa kamar an matso da ita. Geron tudu ya nannaɗe ganye ya mutu a tsaye. Aka sake shuka, na biyun kuma ya makara, da ganinsa ka san kara kawai za a samu.

Kafin tsakiyar damina rumbunmu ya kai ƙasa. Na tuna ranar da na shiga ciki da tsintsiya na share abin da ya rage, tsaba da ƙasa da kashin ɓera, na zauna na tsince. Bayan nan sai ganye. Da safe in goya yaro in shiga jeji neman tafasa da rama, in dafa, in murza ɗan ƙuli-ƙuli a kai don dai a ce an sa. Da rana mu shiga bakin ruwa da sauran mata mu tono bado. Kifi ma ya yi wuya, maigidana ya wuni yana jefa koma a ruwa ya dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Yunwar mai shayarwa daban ce. In na miƙe daga tsugune sai gari ya juya, in dafa bango in jira ya tsaya. Maisuna ya tsotsa ya tsotsa, ya saki ya dube ni, ya fasa kuka. In wani gida ya ɗora tuwo, tun daga ƙarshen unguwa nake jin ƙanshinsa, kuma haushin mutanen gidan nake ji, Allah ya yafe mini.

Abin da ya riƙe mu shi ne shinkafar gungu. Gungu tsibiri ne a tsakiyar ruwa, kuma maigidana yana da gona a gefensa na ƙasa, inda tafki kan janye da rani ya bar laka mai kyau. Farin da ya kashe gero bai taɓa ta ba. Ta yi kore shar, ta fid da kai, ta fara sunkuyawa. Kullum da hantsi mukan tuƙa ɗan kwale-kwalenmu mu haye, ni in tsaya korar tsuntsaye da gwangwani har muryata ta dushe, shi ya zagaya yana duba sawun dorina. In yunwa ta matsa in tsinki zangarniya ɗaya in tauna, ruwanta fari mai zaƙi ya cika mini baki. Abincinmu na shekara ke nan a tsaye, har da irin baɗi. Aibinta ɗaya, duk gungun ba gonar da farin ruwa ke riga shiga kamar tamu.

Wannan bai taɓa hana mu barci ba, saboda akwai gayya, akwai kuma Baba. Ƙa'idar gayyar garinmu ba ta duba girma ko dangi. Wanda ruwa ya fi kusa da gonarsa shi ake fara yi wa, musulmi ne, kirista ne, ko mai bin na gargajiya. Mahaifina kuwa shi ne mai babban jirgin garin, wanda ke kwashe abin da kwale-kwalenmu zai yi sawu goma bai kwashe ba, kuma shi ne ya san ruwa. Yana da wani turke da yakan kafa a bakin gaɓa, ya yi masa tsage-tsage da wuƙa, safe da yamma ya je ya tsuguna ya duba. In ya gama lissafinsa ba ya yawan magana. Sai ya yanki kaba ya ƙulla, ƙulli ɗaya kwana ɗaya, ya aika gidan mai gonar. In kaba ta iso maka, ka san kwanakin da suka rage maka, ka kuma san jirgi da maza suna nan tafe. Kai dai ka karɓa, ka tanadi abin da za a sa a baki. Maigidana ɗan tudu ne, aure da gona suka kawo shi bakin ruwa, saboda haka kabar Baba ita ce idonsa.

Ana cikin wannan hali motar siyasa ta iso, da lasifika a kanta, ta kafe a taɓo a bakin gari sai da samari suka tura ta. Aka ce za a yi zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, kuma wannan karon ba wasu za su je su zaɓa mana ba. Duk mai katin jam'iyya zai fito filin makaranta ya tsaya a bayan hoton wanda yake so. Masu nema suna da yawa, amma a garinmu hotuna biyu ne suka samu mutane, wani mai doguwar hula da wani mai tabarau. Ba wanda ya taɓa ganin ɗayansu ido da ido. Baba da dattawa suka bi Mai Hula, don fataken Yelwa da ke sayen kifinsu shi suke yi. Maigidana da tsararrakinsa suka bi Mai Tabarau, wai sabon jini ne. Jam'iyya ɗaya fa, kati iri ɗaya, ba ma a kai ga 'yan adawa ba.

Matan aure irina, waɗanda uba ke nan miji ke can, duk sun samo dabara. Ranar layi kowace za ta ɗaure kai ta kwanta, ta ce zazzaɓi. Inna, mahaifiyata, ta zo takanas ta ba ni wannan shawara, har ta ce za ta aiko mini da saiwa in jiƙa don a ga shaida. Maigidana kuwa cewa ya yi in tsaya inda raina ya so, ko in zauna gida, duk ɗaya ne a wurinsa. Baba bai tambaye ni komai ba. Saƙo kawai ya aiko, a gaya wa Kulu, wato ni, ta fito layinsu da wuri.

Ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Ban san Mai Tabarau ba, ban san abin da zai yi wa ƙasa ba. Abin da na sani shi ne tun da aka haife ni ba a taɓa tambayata abin da nake so ba a kan wani abu da ya wuce miya, ga shi yau an ce har shugaban ƙasa ana son jin ta bakina, sannan a ce in kwanta in yi zazzaɓin ƙarya. Saƙon Baba kuma ya ba ni haushi. Da cewa ya yi, Kulu, me kika gani, wataƙila da a bayansa na tsaya.

Ranar an yi ruwa da asuba, rana ta fito da ƙarfi, filin makaranta yana tururi. Aka kafa hotunan a kan sanduna biyu, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Na goya Maisuna, na ɗaura zanena na fita kunya, na bi ta cikin taɓo na tsaya a layin Mai Tabarau. Malamin zaɓe ya biyo layi yana taɓa kafaɗar kowa da biro, yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a duka suna amsa masa. Ba yadda za a yi a ƙara ko a rage, kowa idonsa na kai, har makaho ya ji adadin da kunnensa. Ya taɓa kafaɗata ya ce saba'in da huɗu, fili guda ya amsa saba'in da huɗu. Wallahi na ji daɗi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma duk abin da ya biyo baya bai goge wannan daɗin ba.

Amma yadda kowa ya ga adadin, haka kowa ya ga kowa. Mai gida ya ga baransa, suruki ya ga surukinsa. Wani mai dogon baki a layin su Baba ya ɗaga murya ya ce, mai jirgi, ga ɗiyarka can ta tsere maka. Aka yi dariya. Baba ya juyo ya dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, a gaban gari duka.

"Ni ba ni da ɗiya can," in ji shi.

Dariyar ta tsaya. Ban yi kuka a filin ba, sai da na kai gida. Layinsu ne ya ci a garinmu, aka yi kiɗa, ni ko ɗaga kai ban yi ba.

Daga ranar gari ya canja. Ba faɗa aka yi ba, da faɗa ne ma da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. A rijiya mata suka rabu gida biyu, kowace da inda take ajiye tulunta. Aron gishiri ya tsaya. Lami maƙwabciyata, Bakambariya ce kirista, ta ce ko a cocinsu benci ya rabu, 'yan Hula dama 'yan Tabarau hagu. Ita a layin su Baba ta tsaya, amma ba ta fasa miƙo mini ɗan garin rogo ta kan danga ba. Ganga kuwa, wadda akan kaɗa da yamma a sanar da gayya, ba a ƙara jin ta ba. Kowa yana jiran ɗaya gefen ya fara.

Ruwan sama ya dawo kamar yana biyan bashin fushi, dare da rana, tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa. Tafki ya fara sauya launi, irin wannan da nake gani yanzu. Shinkafarmu ta yi ja, saura kaɗan ta gama nuna. Maigidana ya tsaya a gaɓa ya ƙanƙance ido, ya ce a ganinsa muna da kwana goma, a bari ta ƙarasa, 'yan layinsu sun yi alkawarin taya mu. Ni na san ganin nasa bai kai na yaron Baba ba, na kuma san 'yan layin nasu ba mai jirgin kirki a cikinsu. Kullum sai in ce gobe zan je gida, gobe ta yi in tuna kallon da aka yi mini a fili, in fasa. In kwanta in tashi, in fita ƙofar gida in dubi hanyar gidanmu, in dawo.

Wata safiyar Laraba sai ga Inna, jiƙe da yayyafi, da kwando a kanta rufe da faifai. Ta sauke shi a gabana. Ƙanshin busasshen kifi da daddawa ya bugi hancina, yawu ya cika mini baki har sai da na haɗiya. A gefen faifan kuma, ga bakin kaba nan ya leƙo, ɗanya, sabuwar yanka. Na gan ta. Ba zan ce ban gani ba, shekara da shekaru na so in ce haka, amma na gan ta, na kuma san ko mece ce.

"Kulu, buɗe ki gani dai," in ji Inna.

Na kau da kai. "Inna, wadda ba a da ita ba a aiko mata kwando. Ki mai da mishi abinai."

Ta kalle ni, ta kalli yaron da ya rame a cinyata. A wurinmu, abin da ya fito daga gidan iyaye ba a mayar da shi. Ko ba ka so, ka karɓa ka ba kaji. In ka mayar a rufe, ka ce ke nan ka yanke, kada a sake tako ƙofarka. Inna ta san na sani. Ta ɗora kwandonta a ka, ta ce halinmu guda ni da Baba, Allah shi kyauta, ta fita cikin yayyafi. Da maigidana ya dawo daga kamun kifi ban gaya masa kowa ya zo ba. A raina cewa nake Baba zai biyo baya da kansa, ya kira ni ɗiyata ko sau ɗaya, in karɓi kabar daga hannunsa.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, ina ta kai da komo tsakanin murhu da ƙofar gida. Asabar da sassafe Lami ta leƙo ta kan danga, ta ce mijinta ya dawo daga duba ƙugiya, ruwa ya shiga gungu.

Na bar Maisuna wurin uwar mijin Lami. Mu biyar muka haye, ni da maigidana da abokansa biyu, da Lami da laujenta. Sauran 'yan layin kowa ya ruga tasa gonar. Muka tarar da shinkafa tsaye cikin ruwa iya gwiwa, kawunanta kawai a sama suna kaɗawa. Muka shiga. Ruwan da sanyi kamar ƙanƙara, ga ja a ƙarƙashi. Cinnaku da suka rasa gidajensu sun dunƙule suna yawo a kai, duk wanda suka samu su haye shi. Matsattsaku suka manne mana a ƙafa, ba mai lokacin cire su. Mu yanka, mu ɗora a ka, mu kai kan ɗan tudun tsakiyar gungun, mu dawo. Kafin azahar ruwa ya kai ƙugu, shinkafar ta nutse, sai lalube muke da hannu muna yanka a makance. Lauje ya tsaga mini yatsa biyu, ban ji ba sai da na ga ruwan gabana ya yi ja. Ba wanda ya ci komai tun jiya. Hadari ya sake saukowa, ba ma ganin gaɓa. Maigidana yana yanka yana cewa, ai kwana goma ne, ai kwana goma ne, kamar mai neman ruwan ya ba shi haƙuri.

La'asar ta gota, ruwa a ƙirji, sai muka ji ƙarar filafilai. Babban jirgin ne, Baba a baya yana riƙe da akala, maza shida a ciki, duk 'yan layin Hula. Ba sallama, ba gaisuwa. Suka diro da laujensu. Amma abin da ya rage a lokacin sai mai nutso, kuma duhun hadari ya fara rufewa. Suka yi abin da za su iya, suka kwashe na kan tudu suka loda. Baba ya miƙo mini hannu ya ja ni cikin jirgi. Ya dubi yatsuna, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure su.

"Ƙulli ukku niɗ ɗaure miki, Kulu," ya ce, a hankali.

Maigidana yana tsaye a gefen jirgin, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya gane. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Daga baya Inna ta gaya mini tun ranar Alhamis Baba ya kwarfe jirginsa, ya shirya mazansa. Asabar ɗin tun da safe yana zaune a bakin gaɓa yana kallon gungu, yana jiran a zo a kira shi, don wanda aka mayar wa kwando ba ya zuwa da kansa. Sai da ruwa ya rufe tsagar ƙarshe a turkensa sannan ya tashi.

Abin da muka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba rana ta shanya, sai ta fara tsiro a cikin ɗaki, ta yi baƙi, tana warin tsami. Na turara ta da ɗanyen itace ina hawaye, rabi na hayaƙi. Haka muka ci ta da tsaminta, kuma ko sanyi bai wuce ba ta ƙare. Iri bai samu ba. Maigidana ya tafi cin rani, na yaye Maisuna kafin lokacinsa, na fara bandar kifin mutane don in samu kai da wutsiya. Sana'ar da nake ci har yau daga nan ta samo asali.

Ba a yi wata biyu da layin ba, ana zaune gindin bishiyar kasuwa, rediyo ya ce soja sun soke zaɓen fid da gwanin gaba ɗaya, sun kuma hana duk masu neman sake tsayawa, da Mai Hula da Mai Tabarau. An ce wani tsoho ya tambaya ko za a soke ambaliyar ma. Hoton Mai Hula Inna ta toshe tagar ɗakin girki da shi. Na Mai Tabarau, a gidanmu, daddawa na ƙunshe a ciki. Ganga ta dawo da daminar gaba, amma akwai gidaje biyu da har na bar garin ba sa gaisawa.

Shi ya sa in Maisuna yana yabon deliget ba na iya ƙaryata shi duka. Shekarar da ya je, ba wanda ya daina gaida wani a unguwarmu, gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya taɓa kafaɗata. Masalahar manya kuma ta fi kowanne shiru, ka kwanta ba ka da ɗan takara, ka tashi an naɗa maka, kamar yadda Baba ya aiko a gaya wa Kulu. Na ce masa ni da za a bi tawa, a tambayi kowa, amma a sa labule, mutum ya faɗi nasa daga shi sai Ubangijinsa. Ya ce wannan sai an kashe abin da jam'iyya ba za ta yarda ta kashe ba, kuma bayan labule ne ake sauya adadi. Na ce to ka ji, kowanne da inda yake yoyo. Muka yi ta ja har kifin da ke kan wuta ya kusa ƙonewa.

Sannan na ba shi ɗaya rabin labarin, wanda ban taɓa ba shi ba. Shi a saninsa siyasa ce ta ci shinkafarmu, kakansa ya yi fushi ya ƙi kawo jirgi. Haka na bar shi ya ɗauka shekara talatin da wani abu, har kakan nasa ya rasu. Na gaya masa zancen kwandon, da kabar da na gani da idona. Ya ajiye kifin da ke hannunsa, ya dubi bakin ruwa, inda jiragen kasuwa ke ta ɗaurewa sama-sama saboda cikowa.

"To in anka ce a koma layi bana," ya ce, "za ki fita?"

Na ce zan fita, da zanena mai kyau, in tsaya inda na ga dama, ko da shi yana ɗaya layin yana harara ta. Na sa masa sauran kifin a leda, na ɗaure, na ce ya kai wa matarsa da yara. Ya fara cewa a bar shi, suna da miya a gida.

"Karɓi," na ce masa. "Ko ba ka so, karɓi ka buɗe."